Turken da ke Binne a Cikin Kalmar Standort

Duk gidan da ake kiwo, ko da akuya ɗaya ce tal, ba a rasa turke. Kuma ba a kafa shi da ka. Sai an tsaya a tsakar gida an duba inda inuwa take sauka da azahar, an kauce wa bakin indararo, an nisanci madafa don kada dabba ta kai baki ga tsakin da aka shanya, amma ba a kai ta can bayan ɗaki inda ɓarawo zai kwance igiya ba wanda ya ji motsi. In an gama wannan lissafi sai a nemo icce mai ƙwari, a fiƙe gindinsa da gatari har ya yi tsini, a ɗan zuba ruwa ƙasa ta yi laushi, a ɗauki taɓarya ko dutse a buga. Kafin bugun nan wurin fili ne kawai, ba shi da suna. Da tsinin ya nutse, shi ke nan, ya zama wurin rago. Nan za a riƙa kai dusa da harawa, nan kwanon ruwa zai zauna, nan za a tura yaro da tsintsiya kowace safiya.

Jamusawa suna da kalmar da ta bi wannan hanya daki-daki, daga tsini zuwa wuri. Ita ce Standort, ana furta ta kamar "shtant-ort", da nauyin murya a kan gaɓar farko. Bajamushen yau yana cin karo da ita sau da yawa a yini bai ma lura ba. Tana cikin wayarsa, a inda mu muke cewa "turo mini lokeshan". Tana shafin tattalin arziki na jarida duk ranar da kamfani zai buɗe masana'anta ko zai rufe. Malamin daji yana faɗinta in yana maganar irin ƙasar da wata bishiya take so, soja kuma in yana nufin garin da barikinsu yake. Ka tambaye shi ma'anarta, zai ce ai wurin da abu yake tsaye ne, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai akwai wani tsini a binne a cikinta da yawancin masu faɗinta ba su san da zamansa ba.

Kalma biyu aka haɗa, Stand da Ort. Haɗin kalmomi a Jamusanci saɓanin namu yake tafiya. Mu abin da ake nufi muke sawa gaba, mai fayyace shi ya biyo baya: gidan waya, tashar mota, bakin kasuwa. Su kuwa ta ƙarshe ce ke riƙe da ma'ana, ta farko bayani kawai take ƙarawa. Wohnort wurin zama, Geburtsort wurin haihuwa, Kurort garin da ake zuwa jinya da hutawa, Tatort wurin da aka aikata laifi, wanda kuma shi ne sunan wasan 'yan sandan ciki da gidan talabijin na ARD yake nunawa tun 1970, har daren Lahadi ya zama nasa. Jinsin kalmar ma daga ta ƙarshen ake ɗauka: Ort namiji ne, saboda haka duk waɗannan maza ne. Mai son sanin Standort, ke nan, daga wutsiya zai fara.

Shekara dubu da suka wuce, in Bajamushe ya ce ort, tsini yake nufi, bakin mashi ko kan takobi, daidai wurin da yake fara taɓa jikin abokin gaba. Dangin kalmar a harsunan maƙwabta duk haka suke: ord a tsohon Ingilishi, oddr a tsohon harshen mutanen arewacin Turai. Sunan maza irin Ortwin da na mata irin Ortrud daga nan suka fito, sunaye ne na zamanin da ake yi wa jariri fatan ya tashi da kaifi. A Norway har gobe ana raɗa wa yaro Odd. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, laɓewa ta yi a bakin masu sana'a, waɗanda dama su ne ba su cika sakin kalma ba. Mai ɗinkin takalma yana kiran basillar da yake huda fata da ita Ort. Ƙarfen da ake liƙa wa ƙarshen kube don kada takobi ya fasa shi sunansa Ortband. Mai rufin gida kuma yana kiran gefen rufi na can ƙarshe, inda ya ƙare a kan bangon gefe, Ortgang.

To ta yaya tsini ya zama gari? A hankali, kuma kowane taki ya bar sawu. Abin da yake da tsini yana da ƙarshe, sai ort ya fara ɗaukar ma'anar ƙarshen abu, gefensa, kusurwarsa. Daga nan ya sauka ƙasa: tudun da ya miƙe ya shiga ruwa yana tsukewa, shi ma ort ne. A gaɓar Tekun Baltik akwai Darßer Ort, wani ziririn yashi mai hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya. A yammacin ƙasar kuma, inda kogin Ruhr yake zuba cikin Rhine, ƙasar da ke tsakaninsu ta yi tsini, aka kira wurin Ruhrort. A ƙarni na 14 aka kafa wurin karɓar kuɗin fito a nan, jama'a suka taru, gari ya kafu, a 1905 aka haɗe shi da Duisburg, yau kuwa nan ne zuciyar tashar jiragen ruwa ta cikin ƙasa mafi girma a Turai. Wanda ya ji sunan yanzu zai ɗauka "garin Ruhr" ake nufi. Waɗanda suka raɗa shi "tsinin Ruhr" suka ce.

Da kalma ta saba nuna "nan daidai, ba can ba", sauran tafiyar ba wuya. Tsinin ya ɓace cikin ƙasa, wurin da ya huda ya gaji sunan, sannan sunan ya yi ta faɗi har ya haɗiye gidaje da coci da kasuwa. Haka turke yake yi. Wanda ya ce a kai wa rago ruwa turke ba ya tunanin fiƙaƙƙen gindin iccen nan da ke ƙasa, da'irar da dabba take zagayawa yake nufi, da inuwar, da kwanon. Mu ma mun ɗan ja kalmar tamu gaba, ko da yake wata hanyar muka bi da ita: masu nazarin waƙar baka sukan kira jigon waƙa turke, abin da makaɗi yake zagayawa ya komo gare shi komai nisan da ya yi.

Akwai rassan da suka bauɗe a hanya, kuma sun cancanci a leƙa su. In ka zana gicciye a kan kwabo ka raba shi kusurwa huɗu, kowace kusurwa ort ce. Daga nan kalmar ta zama sunan rubu'i, har aka riƙa buga tsabar kuɗi mai suna Ort, kamar waɗanda birnin Danzig, Gdańsk ta yau, ya buga a ƙarni na 17. Aikatau erörtern, da 'yan majalisa da malaman jami'a suke ji da shi in za su ce a tattauna batu sosai, asalinsa a bi abu kusurwa-kusurwa har a ƙure shi. Sai kuma Abort, keɓaɓɓen wuri can gefe, wato bayan gida. A nan dai kunyar Bajamushe da ta Bahaushe ta zo ɗaya, kowa ya gwammace ya nuna inda abin yake da ya ambaci abin da ake yi a ciki.

Inda tsohuwar ma'anar ta fi daɗewa da ranta shi ne ƙarƙashin ƙasa. A bakin mahaƙan kwal, Ort shi ne ƙarshen rami, inda hanya ta ƙare, bangon dutse ya tsaya maka a gaba. Mutum zai sauka cikin keji ɗaruruwan mitoci, a ramukan baya-bayan nan ma fiye da mita 1,000, ya bi doguwar hanya cikin zafi da ƙura da fitila a goshi, har ya kai inda ba gaba sai wadda zai sara da hannunsa. Wanda yake nan shi ake ce wa yana vor Ort, yana gaban tsini. Shi ne mai ainihin aikin, sauran duk masu kai masa kaya ne da kwashe abin da ya fasa. Yau kalmar ta fito sarari ta yi wanka. Ɗan jarida mai riƙe da makirufo a gaban ginin majalisa yana vor Ort, minista da ya je duba ambaliya da takalmin roba yana vor Ort, mai gyaran injin wanki da zai zo har gida shi ma haka. Ba laifi, haka harshe yake cin gado. Amma duk sanda na ji ta a bakin mai kwat da laktaye nakan tuna wanda ya fara faɗinta bai ga rana ba tun asuba.

Rabin farko, Stand, bai sha irin wannan yawo ba. Daga stehen yake, tsayuwa, kuma tsayuwa yake nufi tun fil azal. Sai dai zuriyarsa ce mai yawa. Saiwa ɗaya ce ta ba Latin stare da statio, ta ba Farisanci wutsiyar nan ta -stan da ke jikin Afganistan da Pakistan da Kazakistan. Statio ya shiga Ingilishi, jirgin ƙasa ya kawo mana shi, muka lanƙwasa shi ya zama tasha. Duk wanda ya taɓa jiran mota a tasha ya faɗi ɗan uwan Stand bai sani ba. A cikin Jamusanci kuwa Stadt, birni, da Statt, wuri, kalma ɗaya ce da aka raba a rubutu daga baya.

Ga inda abin ya matso kusa da tsakar gidanmu. Stall, barga ko garke, ma'anarsa ta asali wurin tsayuwa ce. Stute, goɗiya, ta fito ne daga tsohuwar kalma stuot, taron dawakin da aka ajiye don haihuwa, kuma masana suna danganta ta da wannan saiwa ta tsayuwa. Wani Stuotgarten, lambun dawaki, da ake cewa an kafa a wajajen shekara ta 950, shi ne ya zama Stuttgart. Baƙin dokin da ke tambarin birnin shi ne a tsakiyar tambarin Porsche, kuma a birnin nan Mercedes-Benz take da hedikwata. Wurin da aka turke dawaki shekara dubu da wani abu, har yanzu abin hawa yake fitarwa.

Haɗin kalmomin biyu yaro ne ƙarami in aka gwada shi da iyayensa, kuma tun tashinsa akwai wani hali da yake da shi wanda ni a ganina shi ne kan magana. Standort kalmar mai buga turke ce. Ba wanda yake kiran garin da aka binne cibiyarsa Standort ɗinsa. Zai ce Heimat, ko in takardar hukuma yake cikewa ya rubuta Wohnort. Mai cewa Standort yana tsaye ne daga sama da taswira a gabansa, yana auna nan da can, kuma a ransa ya san abin da aka kafa ana iya tuge shi. Hukumar soja ce take zaɓar inda bataliya za ta zauna, ba kurtu ba. Kamfani ne yake zaɓar inda injin zai tsaya.

Jamusawa, kamar yadda aka san su, ba su bar zaɓen nan ga ido da ƙiyasi ba, sai da suka mai da shi lissafi. A 1882 wani injiniya a Hanover, Wilhelm Launhardt, ya yi rubutu a kan yadda za a gane wurin da ya fi dacewa da masana'anta. A 1909 kuma Alfred Weber, ƙanin Max Weber masanin zamantakewa, ya fitar da littafinsa Über den Standort der Industrien, wanda ɗaliban labarin ƙasa suke haddace zanensa har yau, har da namu na jami'o'in nan. Tambayarsa ita ce ta uwargida mai neman wurin rago, sai dai a maimakon inuwa da indararo da ɓarawo, shi yana da ramin kwal a nan, ramin tama a can, kasuwa a wancan gefe. Ina za a buga turke don kuɗin dako ya fi sauƙi?

A ƙarshen littafin, a sashen lissafi da Georg Pick ya rubuta, akwai wata na'ura da yaro ma zai iya haɗawa. A sami faifan katako a shimfiɗa taswira a kai. A huda rami uku, ɗaya a kan kwal, ɗaya a kan tama, ɗaya a kan kasuwa. A zura zare ta kowane rami, a ɗaure bakin zaren uku wuri guda a saman faifan, a ƙasa kuma a rataya wa kowane zare nauyi gwargwadon kayan da za a ɗauko ko a kai ta wannan hanya. Sai a saki. Ƙullin zai ɗan yi rawa, ya ja nan ya ja can, ya tsaya. Inda ya tsaya, nan ne Standort. Abin da na'urar take nunawa a fili shi ne, kayan da suke ƙonewa su ƙare a cikin aiki su suka fi ƙarfin ja. Kwal yana shiga tanderu da nauyinsa, ba ya fitowa a jikin ƙarfen. Ba mai hankalin da zai biya dakonsa zuwa nesa don ya ƙone shi a can. Sai ƙullin ya zame ya faɗa kusa da ramin kwal.

Wannan shi ne labarin yankin Ruhr a taƙaice. Igiyar masana'antar ƙarfe gajera ce ƙwarai a ƙarni na 19, taku kaɗan daga bakin rami. Friedrich Krupp ya kafa kamfaninsa a Essen a 1811, lokacin garin na 'yan dubban mutane ne. Kafin 1900 ya haura 100,000. Aka kwaso ma'aikata daga gabas, da yawansu masu jin harshen Polan, bayan yarjejeniyar 1961 kuma Turkawa suka zo. Kowane rami da unguwarsa, da shagon giyarsa, da ƙungiyar ƙwallonsa. Dabbar tana ɗaure, ba inda za ta, saboda haka mutane suka saki jiki suka gina rayuwa a kewayenta. A Wolfsburg ma abin ya fi fitowa ƙarara, don can turken ne ya riga gari. A 1938 gwamnatin 'yan Nazi ta zaɓi wani fili kusa da Fallersleben, a bakin mashigin ruwa na Mittelland da layin dogo, ta kafa masana'antar Volkswagen, sannan aka gina wa masana'antar gari. A lokacin yaƙi mutanen da aka tilasta wa aiki ne suka cika ta, sunan Wolfsburg kuwa sai a 1945 garin ya same shi.

Abin da Weber bai rayu ya gani sosai ba, don ya rasu a 1958, shi ne yadda igiyar za ta yi tsawo. A shekarar nan ce kwal ɗin Ruhr ya fara kwantai, mai da kwal na waje sun fi shi araha. Manyan jiragen ruwa suka karya kuɗin dako, wutar lantarki tana zuwa ko'ina ta waya, nauyin da ke rataye a ƙarƙashin faifan ya koma ba kwal ba ne, albashi ne da haraji. Ɗaurin ya zama na talala, daga baya ma aka gane ana iya kwance shi ɗungurungum. A 2001 aka kashe wutar masana'antar ƙarfe ta Phoenix a unguwar Hörde ta Dortmund. Kamfanin Shagang na ƙasar Sin ya saye ta, ma'aikatansa suka zo suka warware ta gunduwa-gunduwa, suka sa wa kowace lamba, aka loda a jirgi, aka sake ɗaura ta a bakin kogin Yangtze. An ja ragon an kai wani gida da igiyarsa da kwanonsa.

A irin wannan yanayi ne kalmar ta shiga bakin 'yan siyasa. Bayan haɗewar Jamus, a farkon shekarun 1990, ba abin da ake ji sai Standort Deutschland. A 1993 gwamnatin Helmut Kohl ta fitar da rahoto a kan yadda za a tsare makomar ƙasar a matsayin wurin kafa masana'antu, aka kuma yi dokar rage wa kamfanoni haraji mai ɗauke da kalmar a cikin sunanta, Standortsicherungsgesetz. Kohl da kansa ya yi gugar zanar da aka daɗe ana maimaitawa, cewa ƙasa mai masana'antu ba za ta mai da kanta dandalin shaƙatawa ba. Ka lura da abin da ya faru a nan. Ƙasa guda, da yarukanta da maƙabartunta da mutum miliyan 80, an kira ta da sunan da ake kiran fegi. Kuma kusan duk sanda aka ambaci kalmar a teburin ciniki tsakanin kamfani da ƙungiyar ƙwadago, abin da ke bayanta shi ne: ku rage, ko mu tuge. Kalmar da aka gina da tsayuwa ta zama wadda aka fi faɗa in ana shirin tashi. Ko a 2024, da Volkswagen ta ce tana iya rufe wasu masana'antunta na cikin gida, rigimar da aka yi da ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall har zuwa Disamba a kan Standorte aka yi ta.

Ba na cewa masu wannan lissafi mugaye ne. Wanda ya ƙi motsawa alhali kasuwa ta motsa, rufewa zai yi, kuma zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Abin da nake cewa shi ne kalmar tana ganin abu ta ido ɗaya, idon mai dabba, ba ta da gurbin da za ta sa tsakar gidan da aka bari.

Garin Bochum ya san wannan fiye da kowa. Da ramukan kwal suka fara rufewa, aka yi murna da zuwan Opel, wadda ta buɗe masana'anta a 1962 a kan filin tsohon ramin Dannenbaum, mahaƙa da yawa suka ajiye fitilar goshi suka koma haɗa mota. Daga baya Nokia ta zo tana haɗa wayoyi. A Janairun 2008 Nokia ta ce za ta tashi ta koma kusa da Cluj a Romaniya, ma'aikata kusan 2,300 suka rasa aiki, 'yan siyasa suka yi ta mayar da wayoyinsu a gaban kyamara don nuna fushi. Mutanen Romaniya ma ba su daɗe suna murna ba, a 2011 aka rufe tasu. A Disambar 2014 mota ta ƙarshe ta fito daga Opel ta Bochum.

Duk wanda ya taɓa sayar da dabbar da ta daɗe a turke ya san abin da take bari. Ƙasar wurin ta dake ta yi ƙwari, ta lotsa ta zama kwari-kwari saboda shekarun takawa da shara, ciyawa ba ta fitowa da wuri, da damina kuwa nan ruwa yake kwanciya, sai an riƙa kwashewa da kwano ko a yi masa hanya. A Ruhr wannan ba misali ba ne kawai. An kwashe kwal daga ƙasa shekara fiye da 150, sai doron ƙasa ya zauna, a wasu wuraren fiye da mita 20. Unguwanni da dama yanzu suna ƙasa da kogunan da ke ratsa su. Ranar 21 ga Disamba 2018 mahaƙan Prosper-Haniel a Bottrop suka fito da dunƙulen kwal na ƙarshe suka miƙa wa Shugaba Frank-Walter Steinmeier, aka rufe babin. Amma famfunan zuƙe ruwa ba za a taɓa kashe su ba, in aka kashe su yanki mai faɗi zai zama tafki. Jamusawa suna kiran kuɗin wannan aiki Ewigkeitskosten, kuɗin har abada, kuma akwai gidauniya ta musamman da aka kafa don biyansa. A Hörde kuwa ba su yi gardama da ruwan ba: sun haƙe filin masana'antar da aka kai Sin, a 2010 suka fara cika shi, yanzu tafki ne mai suna Phoenix-See da gidaje masu tsada a bakinsa, irin waɗanda tsohon mai narka ƙarfe ba zai iya haya ba.

Malaman daji su ma sun koyi nasu darasin da wannan kalma. Tsawon zamani an yi ta dasa bishiyar Fichte, mai saurin girma da miƙaƙƙen katako, a gangaren da ba nata ba, ƙasa da tsaunuka masu sanyi da laima inda ta saba. Farin da ya fara a 2018 ya raunana ta, ƙwaron ɓawo ya gama da ita, tsaunukan Harz suka cika da busassun itatuwa a tsaye. Yanzu kalmar da ke bakinsu ita ce standortgerecht, a dasa abin da wurin zai iya ɗauka. Wato a wannan karon an yarda wurin ma yana da ta cewa.

Turken da aka bari ba ya rasa mai ɗaura wani abu. Da majalisar dokoki ta kaɗa ƙuri'a a 1991, 338 da 320, cewa za ta tashi daga Bonn ta koma Berlin, mutanen Bonn sun ɗauka tasu ta ƙare. Sai aka kawo ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya, ginin da aka fara don 'yan majalisa kuma aka ba gidan rediyon DW, wanda ya taso daga Kolon a 2003. Masu sauraron Sashen Hausa da suka daɗe da rediyo za su tuna lokacin da adireshin wasiƙa ya sauya. A Bochum ma an rushe masana'antar Opel an share filin, DHL ta kafa katafariyar cibiyar rarraba kaya a 2019, jami'ar garin da wasu kamfanonin fasaha suna ta gini a sauran. Da aka zo raɗa wa filin sabon suna don jawo masu zuba jari, ba a koma ga Dannenbaum ba, ba a kuma ambaci Opel ba. An sa masa Mark 51°7. Mark sunan tsohuwar masarautar yankin ne, lambobin kuwa na layukan taswira ne, digiri 51 arewa, digiri 7 gabas, irin waɗanda waya take turawa in ka danna Standort.